Tsakanin Ƴaƴan Jibo, Wa Zai Yi Kisa?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Bande ya san rumfar Jibo mahauci, ko da bai san sunan mai ita ba. Tana bakin hanyar da amalanke ke bi zuwa wajen masu hatsi, ga tukubarsa ta laka, ga wani tsohon kututture da yake saran nama a kai. Shekara tara na yi ina koyarwa a lakwal, wato makarantar bokon garin, kuma kusan kullum idan aka tashi yara nakan biya in zauna a bencinsa. Shi ya ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal a can, ni in ce masa Baba Jibo.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannunsa na dama ya ɗan karkace daga wuyan hannu. Fawa gado ya yi, dambe ma haka, don a gidansu yaro yakan iya naɗa zare a hannu kafin a yarda ya riƙe wuƙa. Sai dai shi bai yi nisa a fage ba. Yana da shekara ashirin da biyu ya karye a wani wasa da aka yi a Kwaya, maɗori ya yi ɗori, ƙashin bai zauna daidai ba. Tun daga nan ya koma gefen fili tare da ƴan kallo.

A gefen filin ne ya gano abin da Allah ya ba shi. Mutum biyu za su fito, makaɗa na zuga su, Jibo ya dube su ya faɗi wanda zai yi kisa, wato wanda zai kai ɗan'uwansa ƙasa, wani lokaci har da turmin, wato zagayen karawar, da za a yi shi. Ba bugun ƙasa yake yi ba, ba ya kuma zuwa wurin kowa. Ya sha ce mini, “Mushe, mutane hannu suke kallo, shi ya sa suke shan mamaki. Hannu ɗan aike ne. Ka dubi diddige. Ka dubi inda mutum ke kai idonsa in makaɗi ya ambaci abokin karawarsa.” Cikin shekara talatin da wani abu, kurakuran da aka riƙe masa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Har daga Dungas ake hawo moto, wato babur, a zo a tambaye shi. Bai taɓa karɓar ko goro a kan haka ba. Abin da yake so bai wuce washegari ya ji ana cewa a tasha, “Ai Jibo ya faɗa.” In ya ji haka, ranar ko ƙashi ka saya sai ya yi maka gyara.

Shi da matarsa Uwani sun haifi bakwai, huɗu suka rayu. Mata biyu suna gidajen aurensu, sai maza biyu: Mahamadu, ɗan fari, da Rabilu, wanda yayan ya ba shekara shida. Dukansu sun taso a fage, dukansu kuma sun kai inda ubansu bai kai ba. Mahamadu dogo ne, miskili, ba ya gaggawa. Sai ya bar mutum ya gaji da kai duka a iska, a turmi na uku ya ajiye masa guda ɗaya. Rabilu kuwa bahago ne, da hagu yake naɗa zare, ga sauri ga surutu, yana dambe yana dariya. An yi kaka huɗu a jere ba wanda ya kai ɗayansu ƙasa, daga Magarya har garuruwan hayin iyaka.

To, ciki ɗaya ba ya karawa, kowa ya san da wannan. Shi ya sa tambayar ta ƙi mutuwa. A tasha, a majalisar masu shayi, a bisa amalanke ana dawowa daga gona, magana ɗaya ce: da za a haɗa ƴaƴan Jibo, wa zai yi kisa? Na ga dattawa masu furfura sun yi kwana uku ba sa gaisawa a kan wannan musu. Kuma kowane musu a wuri ɗaya yake ƙarewa, a ce a je a tambayi uban.

Shi kuwa sai ya yi dariya ya ci gaba da yayyafa ƙuli a tsire. “Ku tambayi uwarsu,” yakan ce, “ita ta san wanda ya fi shan nono.”

Jibo mutumin da ne wajen kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunan Mahamadu a bakinsa ba, sai dai ya ce “babban”. In Rabilu ya yi kisa, Jibo yakan washe baki har a ga jan goro. In Mahamadu ne, sai ya kau da kai kamar yana neman wani a cikin taro. Magana ma ba ta haɗa su sai gaisuwar safe. Duk abin da zai gaya masa, ta bakin Uwani yake bi.

Akwai abin da Jibo ya sani wanda ba kowa ya sani ba. A wani wasa a Dungas an sami Mahamadu a gefen idon dama. Shi ya ci wasan, kumburin ya saɓe cikin mako, kowa ya manta. Amma a gida Jibo ya lura idan aka miƙo wa babban ƙwaryar fura ta dama, ba ya kai hannu sai ta taɓa shi. In an kira shi daga wannan gefen, duk kansa yake juyawa. Idon yana nan garau ga mai kallo, yana kuma ganin abin da ke gabansa, amma abin da ke tahowa ta gefe ya daina gani. Jibo ya ce wa Uwani, “Ki ce wa ɗanki ya huta haka nan.” Amsar da ta dawo da ita ita ce a bar shi ya ƙara kaka biyu ya gama ginin ɗakinsa. Dukan na-dama ta hagun mutum yake zuwa, don haka bai dame shi ba. Bahago ne matsala, su kuwa ba su da yawa, Mahamadu ya riƙa zame musu cikin dabara ba tare da kowa ya farga ba. Haka aka yi shekara biyu.

Ranar da abin ya faru ina wurin. Ranar kasuwa ce bayan an gama yankan gero, rana ta ɗan karkata, rumfar cike da mutane. Mako guda kafin nan Jibo ya yi kuskure a wani wasa, ya ba wani ɗan Kwaya nasara aka kashe shi a turmin farko. Abin ya tsaya masa a rai, duk mun gani. Sai ga Dauda, wani mai shirya wasannin dambe daga Magarya, mutum mai ƙiba da son raha, ya kafe motonsa ya zauna.

“Baba Jibo, ashe ido ya fara tafiya?” in ji shi.

Jibo ya ci gaba da saran namansa.

“Ba laifi ba ne, tsufa ne. Ni dai yanzu na gane abin da ya sa ba ka amsa maganar yaran nan. Da muna cewa kara ce. Ashe ba ka sani ba ne.”

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin ta kasuwa ce, amma na ga wuyan Jibo ya kumbura. Ya soke wuƙa a kututture.

“Ni ne ban sani ba?”

“To faɗi mana.” Dauda ya ɗaga salularsa, wayar hannu, ya saita shi yana ɗaukar maganar. Ba a ɓoye ya yi ba, Jibo na kallonsa.

“Ƙaramin zai yi kisa,” in ji Jibo. “A turmi na biyu.”

Wurin ya kaure. Wasu na tafi, wasu na cewa son kai ne, dama auta yake so. Da ya tsaya nan, da abin ya tsaya a musun kasuwa. Sai wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, “Kawo dalili! Faɗa kawai kowa ma ya iya.”

“Dalili kuke so? Ƙaramin bahago ne. Babban kuwa idonsa na dama ba ya ganin abin da ke zuwa ta gefe, shekara biyu ke nan. Duk kuna kallonsa ba wanda ya gani, ni na gani. Ku tuna, yaushe rabon da ku ga ya tsaya da bahago? Duk bahagon da ya zagaya damansa ya gama da shi.”

Mutane suka shiga lissafi a zuci, suna tuno wasannin baya, ana gyaɗa kai. Na dubi Jibo. Fuskarsa ta yi haske na ɗan lokaci, irin na wanda ya ci musu. Bai kai ga zare wuƙar daga kututturen ba hasken ya ɗauke.

Kafin la'asar ta yi sanyi maganar ta shiga kowace salula a Bande. Kafin kwana biyu wani abokin aikina da ke Damagaram ya turo mini ita yana tambaya ko na san tsohon.

Rabilu ne ya fara zuwa, tun ba a watse kasuwa ba. Ya tsaya a bakin rumfa ko sallama babu.

“Baba, ka san abin da ka yi kuwa?”

“Da ubanka kake magana.”

“Na sani. Ni na roƙe ka ka yabe ni? Kai kaɗai ka ga idon Yaya? Shekara biyu ni nake karɓar duk bahagon da ya fito don kada a kai gare shi. Na rufa masa asiri, kai ka kwance shi a kasuwa.”

Jibo ya zauna a kan benci. Bai san ƙaramin ya sani ba.

Mahamadu kuwa bai fasa al'adarsa ba. Da safe ya zo ya durƙusa ya gaida ubansa kamar kullum, ya ɗauki igiya ya tafi ɗaurin karan gona. Uwani ce ta yi magana, ita ma sau ɗaya. Ta ce, “Malam, shekara talatin ka kasa kiran sunansa don kunya. Ashe kunyar ba ta hana ka faɗin aibinsa ba.”

Ba a yi sati uku ba Dauda ya samo wani bahago daga hayin iyaka, ƙato, wanda ake ji da shi a can. Aka sa rana a Magarya, aka yi ta shela da lasifika a bisa mota cewa yana neman babban ɗan Jibo. Makaɗa suka sami abin yi. Duk inda Mahamadu ya gifta a kasuwa sai ka ji wani ya rufe ido ɗaya yana tari. Rabilu ya same shi ya ce, “Yaya, bar mini shi.” Mahamadu ya ce, “In ka tare mini wannan, za ka tare na bayansa? Ko so kake a ce ƙanena ke goya ni?”

Ana jibi wasa Jibo ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya bi babban har gona, ya same shi yana jera dammunan gero a amalanke. Shi da kansa ya ba ni labarin daga baya. Ya ce ya tsaya kusa da jakin amalanken, ya kira shi.

“Mahamadu.”

Ɗan ya saki damin da ke hannunsa. Tunda aka haife shi bai taɓa jin sunan daga wannan bakin ba.

“Kada ka je. Na roƙe ka. Ka ce ba ka da lafiya, ka ce ni na hana. A zage ni.”

Mahamadu ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, “Baba, da a zaure ka kira ni haka ka faɗa mini, wallahi da na ajiye zaren a ranar. A kasuwa ka faɗa. Ka bar ni in amsa a inda aka ji.”

Aka yi wasan bayan la'asar, fili ya cika har bisa katanga. Jibo ya je, amma bai zauna inda ya saba ba, can baya ya tsaya cikin masu sayar da rake. A turmin farko Mahamadu ya yi abin da ya ba kowa mamaki. Ya sauya tsayuwa, ya karkato da fuska yadda idon hagu zai riƙa yi masa aikin biyu, har ya sami bahagon da wani duka a ƙirji da ya sa shi ja da baya. Taro ya ɗauki ihu. Aka raba ba kisa. Wani da ke kusa da Jibo ya dafa shi ya ce, “Yau ma ka faɗi ba daidai ba, tsoho.” Jibo ya ce, “Allah ya sa.”

A turmi na biyu bahagon ya daina kai duka. Zagayawa kawai yake yi, taku ɗaya, taku biyu, kullum zuwa daman Mahamadu. Mahamadu na juyawa yana bin sa, yana juyawa, har ƙafarsa ta baya ta harɗe. Ban ga fitar hannun ba, ƙararsa na ji. Ya same shi a gefen kai, Mahamadu ya tafi ƙasa a miƙe kamar an sare itace, ƙeyarsa ta bugi wurin da ƙasar ta yi tauri. Makaɗa suka ɗauki taken bahago. Sai da aka ga an yayyafa ruwa sau uku bai motsa ba sannan kalangu ya yi shiru.

Daga asibitin Magarya aka wuce da shi Damagaram. Kwana goma sha tara ya yi bai san inda yake ba. Jibo na zaune a waje a gindin wata bishiya, ba ya shiga sai in Uwani ta fito, don ba ta son su haɗa ido a bakin gadon. Likitoci sun yi iya yinsu, rai ya tsaya. Amma wanda aka dawo da shi Bande ba shi ne ya tafi ba. Hannun hagu da ƙafar hagu sun saki, magana sai a hankali, kalma ɗaya ya huta, wani lokaci ya fara ya manta inda za shi. Ɗakin da yake ginawa ya tsaya a iya taga.

Rabilu ya rantse sai ya nemo bahagon nan duk inda yake. Uwani ta kira shi tsakar gida gaban kowa ta ce in ya sake naɗa zare a hannunsa ba ta yafe masa nonon da ya sha ba. Ya bi maganarta. Amma zaman gida ɗaya da uban ya gagare shi. Ba ya fasa gaisuwa, ba ya kuma ƙara komai a kanta. In Jibo ya shigo zaure, shi ya fita. Da aka share gonaki, ana jiran ruwan shuka, ya hau mota zuwa Agadas, daga can ya wuce wajen haƙar zinariya a Jado. Yakan kira uwarsa. In ta miƙa wa uban salular, sai ya ce, “Baba, ina wuni,” ya jira amsa, ya kashe.

Dauda ya zo dubiya da buhun shinkafa a bayan moto, yana ta rantsuwa cewa shi raha yake yi, bai san abin zai kai haka ba. Mutane sun zaci Jibo zai kore shi. Sai ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce, “Kai tambaya ka yi. Ba kai ka amsa ba.”

Bai sake taka filin dambe ba. Masu zuwa tambaya suka zo sau ɗaya, sau biyu, suka ga ba fuska, suka daina. Bencin ya koma ni da wasu tsofaffi biyu. Wata rana muna zaune, ba abin da ya kawo zancen, ya ce mini, “Mushe, na daɗe ina gaya wa kaina wai don ya bari na faɗa, wai in duniya ta sani dole ya ajiye. Ƙarya nake yi. A lokacin ko tunaninsa ban yi ba. An ce idona ya mutu, shi ke nan abin da na ji.” Na ce masa ƙaddara ce. Ya ce, “Haka liman ma ya ce.” Ya tashi ya juya naman da ke kan wuta.

A shekarar aka yi mini canjin wurin aiki. Sai damanar bana na sami komawa Bande, na tarar da rumfar a rufe. Aka ce yanzu sai ranar kasuwa kawai yake yanka, shi ma akuya ɗaya, don ba mai kama masa. Aka kwatanta mini gonar.

Na same shi shi kaɗai yana noma, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Gonar da maza uku ke gamawa cikin kwana shida, ya yi sati biyu bai kai rabi ba, ɗaya gefen ciyawa ta riga ta fi geron tsawo. Mahamadu na zaune a inuwar amalanke da ƙwaryar ruwa kusa da hannunsa mai lafiya. Kullum tare suke fitowa, in ji Jibo, don in aka bar shi a gida sai ya yi ta ƙoƙarin tashi yana faɗuwa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni ya daɗe, ya yi murmushi da rabin baki, ya ce, “Mu... she.” Matarsa Sadiya tana nan ba ta tafi ba, ita da Uwani ke tuyar ƙuli suna riƙe da yara uku.

Na tambayi labarin Rabilu. Jibo ya jingina da ƙotar hauya ya share fuska da hularsa. Ya ce wata biyar ke nan ba a ji shi ba, lambarsa ba ta shiga. Wani ɗan Dungas da ya dawo daga can ya ce ya gan shi, wani kuma ya ce ya ji ya ƙara gaba. Uwani ta daina barin salular a ɗaki, a bakin zane take ƙulle ta ko rijiya za ta.

“Ku ma'aikata kuna da mutane ko'ina,” in ji shi. “Ba ka san kowa a Agadas ba? Ba sai ya yi magana da ni ba. Ya kira uwarsa kawai.”

Na ce zan tambaya. Na kuwa tambaya, abokan aiki biyu da wani direba. Har yau da nake rubuta wannan ba wanda ya kawo mini wani labari.